Cikin fari: yaya zan faɗa wa ma'aikatan asibiti abin da nake so ranar haihuwa?

'Yar'uwa, kin ce cikinki wata bakwai, kina tsoron naƙuda ta zo ki kasa magana. Gaskiyarki, mai naƙuda ba ta da bakin dogon bayani. Tun yanzu ki rubuta a takarda, ki soke ta cikin katin awonki, ki nuna wa nas a awo na gaba.

Fara da inda za ki haihu. Asibitin koyarwa na Shika ba kusa ba ne ga wadda ke cikin birnin Zariya, balle da ƙarfe 2 na dare. In asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ya fi miki kusa, ki tambayi likita ko cikin naki ya dace da can, ki kuma ajiye lambar mai Keke Napep ɗin da zai ɗaga waya.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne tiyata. Ku yi maganar da maigida da Hajiyarsa tun kina da lafiya. Na ga matar da ta kwana tana jiran sa hannu, miji yana kasuwar ƙauye, waya a kashe. A san wanda zai sa hannu, a san rukunin jininki da mutum biyu da za su bayar.

Sauran ki faɗe su ba kunya: kina son mace ta duba ki in akwai, a ɗora miki jaririn a ƙirji ya sha dakashi cikin awar farko, a ba wa mai rakiyarki mabiyiya ta kai gida. In jini ya ɓalle ko ciwon kai mai tsanani ya kama ki, ki tafi asibiti nan take. Allah ya raba lafiya.