Batir biyu cikin wata 14: daga batir ne ko daga mota?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008, ina zaune a Zariya. Cikin wata 14 na sayi batir biyu, ga shi na biyun ma ya fara gajiya, da safe sai kik ya yi ta ja da ƙyar kafin mota ta tashi. Wurin aikina bai wuce tafiyar minti 10 ba, kuma tun da mai ya yi tsada ba kullum nake fita da ita ba, wani lokaci takan yi mako guda a ajiye. Wane batir ne mai aminci da zan saya, kuma yaya zan yi ya riƙa riƙe caji?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ka dakata da sayen na uku tukuna. Batir ɗaya zai iya zuwa da aibi tun daga kamfani, amma idan biyu suka mutu a jere a mota ɗaya, to akwai abin da ke kashe su, kuma in ba a gano shi ba, na ukun ma hanyar da zai bi ke nan komai tsadarsa. Daga bayaninka na riga na hango babban abin zargi, wato tafiyar minti 10 da ajiyar mako guda. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ƙorafin ya yawaita a wurinmu, domin motoci da yawa sun koma kwana a gida fiye da yadda suke kwana a hanya.

Bari in yi maka bayanin abin da ke faruwa a cikin baƙin akwatin nan. Batirin mota ɗakuna shida ne a jere, kowanne na ba da kamar volt 2.1, shi ya sa cikakken batir mai lafiya yake nuna 12.6 a mitar auna wuta. A kowane ɗaki akwai falle-fallen dalma a nutse cikin ruwan batir, wato ruwa gauraye da asid. Duk lokacin da aka ja wuta, wani farin gishiri yakan kwanta a jikin fallayen, in an yi caji sai ya narke ya koma cikin ruwan. Matsalar tana zuwa ne idan batir ya daɗe bai ƙoshi ba. Gishirin sai ya daskare ya yi tauri, caji ya kasa narkar da shi, wurin ajiyar wuta ya riƙa raguwa a hankali. Motarka tana jan wuta mai yawa lokacin tashi, sannan ga esi, ga rediyo, ga fitilu in dare ne, kuma kafin altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji na aiki, ya gama biyan abin da aka ci ka riga ka isa ofis ka kashe. Gobe a sake ci, a sake biya rabi. Ranakun da take ajiye kuwa batir yana tsiyaya da kansa, ga agogo da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, suna ɗan lasa. Wannan yunwar ce ke kashe yawancin baturan da ake kawo mini da sunan jabu.

Na biyu shi ne zafi. A ƙasashen sanyi hunturu ake tsoro, mu kuwa bazara ce ke cinye mana batir. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 a Kano da Sakkwato, to ina ga cikin bonet kusa da inji. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana kuma saurin cinye ragar da ke riƙe da fallayen. Sai a yi ɓarnar a bazara, amma ba za ka gane ba sai sanyin Disamba ya shigo, man inji ya yi kauri, ka murɗa makulli da asuba ka ji shiru. Don haka a yanayinmu, idan batir ya yi maka shekara biyu zuwa uku ya yi abin kirki. Wata bakwai kam ba shi ne ajalinsa ba.

Abin da nake so ka fara yi shi ne ka kai motar wurin rewaya mai mita, ko ka sayi mitar da kanka, ba ta da tsada kuma za ta daɗe tana yi maka amfani. A auna batir da safe kafin a tayar da mota. Idan ya nuna 12.6 a cike yake, 12.4 ya ɗan ragu, 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa ya sauka sosai. Sannan wani ya murɗa makulli kana kallon mita, kada ta faɗi ƙasa da 9.6 yayin da kik ke ja. Bayan mota ta tashi, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. A kunna fitilu da esi a sake dubawa. In ta kasa kai 13.5, altaneta ba ya ciyar da batir yadda ya kamata, kuma sau da yawa ba wani babban abu ba ne, fambel ne ya saki ko burushin ciki ya cinye. In kuma ta haura 15, altaneta yana dafa batirin ne, za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ka ga gefen batir ya kumbura. Wannan ya fi rashin cajin saurin kisa.

Akwai wata al'ada da nake roƙonka da girman Allah kada ka yarda a yi a motarka: a cire kan batir inji na aiki, wai in mota ba ta mutu ba to altaneta lafiya lau. A zamanin Fijo 504 an yi haka an tsira, domin babu wani abin lantarki mai laushi a cikinta. Corolla ɗinka tana da ƙwaƙwalwa, kuma batir ne ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi. Da zarar an cire shi, wutar na iya tashi ta ƙone ƙwaƙwalwar ko altanetan kansa. Na ga motar da aka yi wa wannan gwajin na daƙiƙa biyar, gyaranta ya ninka kuɗin batir sau da yawa.

Gwaji na ƙarshe shi ne na ɓarawon wuta. A kashe komai, a rufe ƙofofi, a jira kamar minti 20 zuwa 30 motar ta yi barci, sannan a saka mita tsakanin kan batir na nagatif da wayarsa. Abin da mota mai lafiya ke sha a wannan hali bai kamata ya wuce miliamp 50 ba. In ya wuce, sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ya sa lambar ta faɗi. Ɓarayin da na fi kamawa su ne rediyon da aka sauya aka jona kai tsaye da batir, na'urar bin sawun mota, ƙararrawar tsaro, da fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe.

Yanzu ga batun saye. Ka ce in faɗa maka suna, to a kasuwanninmu, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Fanteka a Kaduna, za ka samu 'yan Koriya irin su Rocket da Solite da Atlas, da Amaron na Indiya, da Varta da Bosch na Jamus. Na asalin kowannensu yana aiki. Sai dai ni ban ɗora amincina a kan sunan da ke jikin kwali ba, domin sunan da ya fi karɓuwa shi aka fi kwaikwaya. Wurin da ka saya da ranar da aka ƙera batirin sun fi sunan muhimmanci. Batir tun yana kan kanta yake tsufa. Wanda ya yi shekara a shago mai zafi ba a taɓa yi masa caji ba, ya riga ya kamu da ciwon da na bayyana maka tun kafin ya shiga motarka. Ka sa mai shago ya nuna maka lambar ranar ƙira da ke buge a saman batir ko gefensa ya fassara maka ita, kada ka karɓi wanda ya wuce wata shida. Ka sa a ɗora masa mita a gabanka, in bai kai 12.4 ba ka ce a sauko da wani. Ka ɗaga shi ka ji nauyi, domin dalma ce kuɗin batir kuma ita masu jabu ke ragewa. Mai 60Ah na kirki yakan kai kilo 14 zuwa 16. Sannan rasit da katin garanti mai ɗauke da kwanan wata da hatimin shago. Wanda ya ƙi ba ka garanti ya san abin da yake sayarwa.

Game da girma, abin da muke kira amp a kasuwa shi ne lambar Ah da ke jikin batir, ita ke nuna yawan wutar da yake iya ajiyewa. Motarka ba ta buƙatar fiye da 60 ko 62, matuƙar ya zauna daram a mazauninsa kuma kawunansa suna ɓangaren da wayoyinka suke, don akwai na hagu akwai na dama. Mutane da yawa in batir ya ba su wahala sai su tafi ga mai 75 ko 100. Babban batir ba ya ƙone altaneta kamar yadda ake faɗa, amma ba ya maganin yunwa, don wanda ya kasa cika ƙaramin tulu ba zai cika randa ba. Lambar CCA kuwa ƙarfin tayar da inji ce a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, sanyin da ba mu da shi a nan, to kada a ƙara maka kuɗi mai yawa a kanta. Batir ɗan Kwatano da wanda aka fasa aka gyara, ban ba ka shawarar su ba sai dai lalura ta kwana biyu. Masu sababbin motocin da ke kashe inji da kansu a danja su ne ke buƙatar nau'in AGM ko EFB, kai ba ka cikinsu.

Kan riƙe caji, abin da ya fi dacewa da halinka shi ne aƙalla sau ɗaya a mako ka ba motar tafiyar minti 30 zuwa 40 a buɗaɗɗiyar hanya ba tare da tsayawa ba. Ɗumama ta minti biyar a ƙofar gida ba caji ba ne, wani lokaci ma abin da kik ya ci bai gama dawowa ba ka kashe. Na san wannan tafiyar mai za ta ci, shi ya sa na fi son ka mallaki ƙaramar cajar batir mai yanke kanta in ya cika, ka riƙa jona ta sau ɗaya ko biyu a wata duk lokacin da aka kawo wuta. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, ƙaramin farantin sola mai wat 10 tare da kwantirola ya isa ya hana batir sauka. In kuma motar za ta yi fiye da mako biyu a ajiye, ka kwance kan nagatif kawai, agogo da tashoshin rediyo ne za su goge. Ka riƙa neman inuwa wurin ajiya.

Idan batir ya sauka gaba ɗaya, kada ka dogara da altaneta ya cika shi bayan an jona maka da batirin wata mota, aikinsa ƙarasawa ne ba cikawa daga tushe ba. Ka kai shi caji a hankali, kimanin kashi ɗaya cikin goma na Ah ɗinsa, wato amp 6 ga mai 60, na tsawon awa 10 zuwa 12. Cajin gaggawa na awa ɗaya da ake yi a bakin titi yana tayar da mota amma yana gasa fallaye. Kuma don Allah kada ka riƙa sauke batirin mota kana kunna fanka ko talabijin da shi da dare. An ƙera shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi a mayar masa nan take, in aka riƙa tatse shi ƙarƙaf ba zai jure ba.

Sauran kulawar ba ta da wuya. Wannan farin gari ko kore da ke taruwa a kan batir yana hana caji shiga, ka kwance ka wanke da ruwan kanwa, kanwa tana kashe kaifin asid, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin batirin. Ka busar, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris. Ka tabbata ƙarfen da ke danne batir yana nan, domin a ramukan hanyoyinmu girgiza tana kakkaɓe fallaye, kuma na ga motoci da yawa da batirinsu ke rawa babu abin da ya riƙe shi sai wayoyi. In batirinka mai murafu ne, ka duba ruwansa duk wata musamman a bazara, ya rufe fallayen. Tataccen ruwan da ake sayarwa don batir kaɗai za ka ƙara. Ban da ruwan rijiya, ban da fiya wata, ban da ƙarin asid, don ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan.

Wajen kwancewa, nagatif ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Wajen jona batir da na wata mota, jar waya daga fozitif zuwa fozitif, baƙar daga nagatif na mai lafiya zuwa wani ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir. Dalili shi ne batir yana fitar da iska mai kama wuta, tartsatsi ɗaya ko sigari na iya fasa shi, kuma ruwan batir in ya shiga ido yana makantarwa.

Tsoffin baturan da ka cire, in suna gida, kada ka bar su a tsakar gida ko inda yara ke wasa, kuma kada a fasa su. Dalma guba ce, mu a Arewa mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinare ta yi ajalin yara fiye da 400. Ka ɗauke su a tsaye, kada ruwansu ya zube, ka kai wa mai shagon da za ka sayi sabo, yawanci za su karɓa su rage maka kuɗi. Na biyun kuma da ke kan motar, ka bari a yi masa cajin dare guda a gwada shi da na'urar da ke jan wuta daga batir don gwada ƙarfinsa kafin a yanke masa hukunci, don mai yiwuwa yana da sauran rai.