Dala hamsin ɗin da kowa ke gudu

Tambaya: Malam, ina tuyar ƙosai a unguwar Bagalam, nan Maraɗi. Kullum sai an kawo mini dala hamsin ta ƙarfe, ko dala ashirin da ta goge. In na karɓa, mai wake da mai mai su ƙi amsa. An ce wai an daina cinsu. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, ba gaskiya ba ne. Dala hamsin ta ƙarfe, mai lamba 250 a jikinta, kuɗi ce halal, tana ci kamar yadda jika ke ci. Mai ikon janye kuɗi shi ne wanda ya buga su, wato BCEAO, babban bankin da ke da hedikwata a Dakar. Shi ke fitar da sefar da muke kashewa tare da Benin, Burkina Faso, Mali, Togo, Senegal, Kwadibuwa da Gini Bisau. In zai janye wani kuɗi, sanarwa yake yi, ya ba da wa'adin canji. Mai shago ba shi da wannan hurumi, ɗan kabu-kabu ma haka.

Abin da ke faruwa tsoro ne kawai. Mai wake yana ƙi ne don yana jin wanda zai ba gobe zai ƙi, shi ma wancan haka, har kuɗin kirki ya zama kaya a ɗaurin zane. Abin yana ƙona mini rai, domin a kan irinku yake ƙarewa. Babban ɗan kasuwar da ke lissafi da jika goma-goma ba ya jin zafinsa. Ke da ribarki ke tafe dala biyar, dala goma, in dala hamsin biyu suka maƙale a hannunki, kuɗin cefanen dare ne ya tsaya. Ga shi dama canji wuya yake yi a garin nan. Sau nawa mutum ke fasa sayen abu don mai tebur ba shi da canjin dala ɗari? Duk ƙarfen da aka ƙi, ƙara matsalar yake yi.

Shawarata, kada ki kori yaro da ƙarfensa, amma ki duba da kyau. In rubutun yana karantuwa, karɓi. Ki ware masu gogewar a gwangwani daban, har da takardun dala ɗari da suka yage ko suka sha mai. BCEAO yana da reshe nan Maraɗi, kuma canza lalatattun kuɗi yana cikin aikinsa. Ke ɗaya ba za ki bar kasko ki je layi saboda ƙarfe uku ba, na sani. Ku masu adashi ɗaya ku tara naku, ku wakilta mutum guda ya kai, ya tafi da katin shaidarsa.

Takarda kuwa in ta yage, a haɗa ɓangarorin biyu a ajiye, kada a yar da ko ɗaya, don lambobin da ke jikinta ake dubawa.