Tambayi Likita: Wai ƙwayoyin fangas ma suna barbara?

Tambaya: Likita, na ji an ce fangas mai sa cuta yana da mace da namiji. Gaskiya ne?

Amsa: Kusan haka ne, malam, sai dai jinsi biyu ne kawai da ke haɗuwa su cakuɗa ƙwayoyin gado. An daɗe ana zaton yawancinsu tohowa suke yi ba aure. A 1975 wata mai bincike, Kwon-Chung, ta nuna cewa Cryptococcus, mai kawo sanƙarau ga masu ƙanjamau, yana barbara. A 1999 aka gano ƙwayoyin gadon barbara a jikin Candida albicans, fangas mai kawo ƙaiƙayin gaba, a 2000 aka ga haɗuwar. Aspergillus fumigatus kuwa, mai kama huhu, sai 2009, bayan an haɗa jinsin biyu an ajiye su cikin duhu wata shida a zafin digiri 30. Abin da ya dame mu shi ne, wannan cakuɗar na iya miƙa wa 'ya'yan fangas ɗin juriyar magani.

Tambaya: Ƙaiƙayin gaba da farin ruwa, daga mijina na ɗauka?

Amsa: Yawanci a'a, Candida tana zaune a jiki tun asali. Kada ki cusa tafarnuwa, 'yar'uwa, ki je a duba ki.

Tambaya: Yarona na da makero a kai. Ina shafa masa man da ke kashe ƙaiƙayi nan take, amma yana ta faɗi.

Amsa: Hajiya, ki daina yau ɗin nan. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya! Duba kwalin: in kin ga clobetasol ko betamethasone, sitiroyid ne. Yana kwantar da ja da ƙaiƙayi, ya raunana garkuwar fata, fangas ɗin ya samu sake ya bazu, har zoben ya ɓace likita ya kasa gane shi. Kuma makeron kai yana cikin silin gashi ne, inda man shafawa ba ya kaiwa. Sai maganin sha, kamar griseofulvin, mako shida zuwa takwas bisa nauyin yaro. Ko kan ya yi kyau a mako na biyu, ki ƙarasa, in ba haka ba zai dawo. A raba masa mataji da tawul, a duba 'yan'uwansa. In wurin ya kumbura yana fitar da mugunya, kada a tsaga, ku tafi asibiti. Ko bai kumbura ba ma, ki kai shi asibiti cikin makon nan.