Kafin rumfa ta rushe, ciniki ne ke fara mutuwa

Ɗana, jiya da muka fito daga ɗakin gwaji ka tare ni a bakin ƙofa ka ce: "Malam, na kusa kammala digirin dokta, an ce in nemi fosdok, wato aikin bincike na bayan digirin, a kan mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ni kuwa abin da na sani, gigin tsufa mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne. Me zai sa in ƙarar da shekaru a kan ɗan gurbin da ke tsakaninsu? Kuma shi aikin, me ake yi a cikinsa?" Sai aka kira magariba, ban samu na amsa maka ba.

Ka taɓa shiga kasuwar da ta fara mutuwa? Rumfuna na tsaye, masu kaya na zaune, amma ba mai miƙa wa wani komai. Sai an jima rumfar take rushewa. Haka cutar Alzaima, mai kawo gigin tsufa, take yi wa ƙwaƙwalwa. Mutum na da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kowace tana hulɗa da dubban ƴan'uwanta, amma ba su manne da juna ba. Akwai ɗan tsagi a tsakani, faɗinsa kamar nanomita 20, wato ka tsaga kaurin gashi ɗaya gida dubu uku. Ta wannan gefe ta saki sinadari, ta wancan gefe ta karɓa, saƙo ya wuce. Wurin nan ne Sherinton ɗan Ingila ya raɗa wa suna sinaps a 1897, mu muke ce masa mahaɗa. Wadda ake yawan bi tana ƙara ƙarfi, wadda aka daina bi ta shafe. Zumunta a ƙafa take, har a cikin kai.

Tun 1906 da likita Alzaima ya bayyana cutar a Jamus, idon mutane ya tafi kan dattin da ya gani: dunƙulen wani furotin mai suna amiloyid a tsakanin ƙwayoyi, da zaren wani furotin mai suna tawu da ya cukurkuɗe a cikinsu. Sai a 1990 da 1991 masu bincike a Amurka suka ƙirga mahaɗa a ƙwaƙwalwar masu cutar, suka tarar raguwarta ta fi yawan dunƙulen dacewa da tsananin mantuwar mutum. A 2016 kuma aka nuna a ɓeraye cewa maikurogiliya, ƙwayoyin da ke share ƙwaƙwalwa, suna cinye mahaɗa tun dunƙulen bai taru ba. Ƙwayar da ta mutu ta tafi ke nan. Wadda ke da rai kuwa tana iya sake toho ta ƙulla sabuwar mahaɗa. Shi ya sa nake zaune a nan, inda da sauran gyara.

To, aikin. Kada sunan ya ruɗe ka. Fosdok ƙwadago ne na wa'adi, shekara biyu ko uku, a ƙarƙashin wani mai ɗakin gwaji wanda shi ya nemo kuɗin. Ka wuce ɗalibi, ba ka zama maigida ba, kamar telan da ya iya yanka amma keken na wani ne. Ba mai riƙe maka hannu, kuma ranar da kuɗin ya ƙare abin da za a duba shi ne me ka wallafa.

Yawancin ranakunka ƙirga ne. Madubin likita mai aiki da haske ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200, saboda haka tsagin kansa ba za ka gan shi ba. Dabara ake yi. Ka yanka ƙwaƙwalwar ɓera sala-sala, ka rina gefen mai aikawa da ja, gefen mai karɓa da kore, ka shiga ɗaki mai duhu da sanyi. A allon kwamfuta za ka ga kamar an watsa gero, ɗigo ja nan, kore can. Inda suka hau juna suka ba da rawaya, nan ce mahaɗa. Wata ranar kuma sauraro ne: salar mai rai, kaurinta bai kai rabin milimita ba, tana kwance cikin ruwan gishiri da ake hura wa iskar oksijin, kai kuma kana sauke tsinin gilashi a hankali har ya manne da ƙwaya ɗaya, ka ja iska da baki kaɗan, fatar ta buɗe, wutar mahaɗa ta fara tsalle a allo. Masana biyu Jamusawa, Neha da Sakman, sun samu kyautar Nobel a 1991 a kan wannan dabara. Ni sai da na yi watanni ina fasa ƙwaya kafin hannuna ya zauna. Salar ba ta wuce ƴan sa'o'i da rai, don haka ranar ba ka da cin rana.

Ga inda na fāɗi, ka ji da kyau. A shekarata ta farko a wani ɗakin gwaji a Turai, na ba ɓeraye wani magani na ƙirga, na ga mahaɗa ta ƙaru. Na kasa barci don murna. Wata tsohuwar ma'aikaciya, wadda ba ta da digirin dokta amma ta fi mu duka hannu, ta karɓi gilasan ta liƙe sunayen, ta rubuta lambobi, ta ce in sake. Bambancin ya ɓace ɓat. Ban yi niyyar ƙarya ba. Na dai san wane ɓera ne ya sha magani, sai idona ya riƙa zaɓar wurin da ya fi haske. Kuma ɓerayen nan sai sun yi watanni suna tsufa kafin cutar ta nuna, ka ga rabin wa'adina ya bi ruwa.

Ɓera ma kada ka yarda da shi gaba ɗaya. Ba ya kamuwa da Alzaima da kansa, mu muke dasa masa ƙwayar gado ta mutum. Magunguna da dama sun warkar da ɓera sun kasa a mutum. Ko maganin lekanemab da Amurka ta amince da shi a 2023, jinkirta lalacewar yake yi da kamar kashi 27 cikin 100 a wata 18, ba ya dawo da abin da ya tafi. In don kakarka da ta daina gane ku kake son shiga, ban hana ka ba, amma kada ka yi wa gida alkawarin magani.

Batun nan Maraɗi kuwa, ka san halinmu. Firizar da ke riƙe samfur a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ba ta san uzurin ɗaukewar wuta a watan Afrilu ba. Ka fita ka koyi hannu, ka nemi tarurrukan horo na IBRO, wato ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, da na ƙungiyar masana jijiya ta Afirka, ka leƙa cibiyar bincike ta Damaturu, tunda ba nisa. Amma ka tuna tsofaffinmu da ake cewa "tsufa ne kawai" a kulle su a ɗaki, kusan ba a yi nazari a kansu ba.

Gobe ka zo da ƙarfe bakwai. Na sa an liƙe sunayen hotuna 40 a kwamfutar ɗakin baya, ni ma ban san wanne ne wanne ba. Ka ƙirga, in ƙirga, sai mu buɗe takardar tare.