Me Ke Sa Ɗan Ƙaramar Jam'iyya Ya Yi Ta Neman Gwamna Alhali Ba Ya Ci?

Tambaya: Malam, ina bibiyar siyasar Amurka, sai na ga wani mutum a jihar New York da ya yi ta neman kujerar gwamna a jam'iyyar Green, kowane zaɓe ya sha ƙasa. Tunda Dimokurat da Rifablikan ne ke ci, me yake nema? Ba ɓarnar kuɗi da lokaci ba ce?

Amsa: Malam, na gode da wannan tambaya. Wanda kake nufi shi ne Howie Hawkins, mazaunin birnin Syracuse. Ya nemi gwamna a 2010 da 2014 da 2018, kuma idan aka haɗa da sauran kujeru, ya tsaya takara fiye da sau 20 bai taɓa ci ba. Ba attajiri ba ne. Ya yi shekara da shekaru yana aikin sauke kaya daga manyan motoci da daddare a kamfanin jigilar kaya na UPS, gari ya waye ya fita neman ƙuri'a.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, ba kujerar kaɗai ake nema a irin wannan takara ba. A Amurka kowace jiha ke tsara dokar shiga takardar zaɓenta. A New York, dokar da ta daɗe tana aiki kafin 2020 ita ce duk jam'iyyar da ɗan takararta na gwamna ya samu ƙuri'a 50,000, ta samu gurbi a takardar zaɓe har shekara 4. A 2010 Hawkins ya samu kusan 60,000. A idon mai kallo daga nesa ya faɗi warwas, amma a wajen 'yan jam'iyyarsa ya ciyo musu lasisin rayuwa ne, domin daga nan 'yan takararsu na kansila da na majalisar jiha suka samu sauƙin fitowa.

Wanda bai san wahalar rashin gurbin nan ba ba zai gane darajarsa ba. Jam'iyyar da ba ta da shi sai ta baza mutanenta a bakin kasuwanni da tashoshi, riƙe da takardu, suna tsayar da masu wucewa ɗaya bayan ɗaya suna roƙon sa hannu, kuma cikin mako 6 kacal. Bayan an gama, lauyoyin abokan hamayya su bi sunayen su sa a soke duk wanda adireshinsa ya samu matsala. Kuɗi da ƙarfin da ya kamata a sa wajen kamfe duk a nan suke ƙarewa.

Sai batun matsin lamba. A 2014 Hawkins ya kafe a kan abu biyu: a hana haƙar iskar gas ta hanyar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ruwa da sinadarai, kuma a kai mafi ƙarancin albashi dala 15 a awa. Ya shiga muhawarar talabijin da gwamna Andrew Cuomo, ya samu ƙuri'a sama da 180,000, kusan kashi 5 cikin 100. A Disambar shekarar gwamnatin Cuomo ta sanar da haramta wannan haƙa, a 2016 kuma aka yi dokar dala 15. Ba zan ce shi kaɗai ya jawo ba, don ƙungiyoyin ƙwadago da masu kare muhalli sun daɗe suna fafutuka. Sai dai a ganina duk gwamnan da ya ga ƙuri'u masu yawa haka sun sulale daga ɓangarensa, dole ya sake lissafi.

Wani lokacin ma haƙurin yakan kai ga kujera. Bernie Sanders, wanda daga baya ya zama sanata, ya tsaya sau 4 a jihar Vermont a ƙaramar jam'iyyar Liberty Union tsakanin 1972 da 1976, biyu gwamna biyu sanata, mafi yawan abin da ya samu kusan kashi 6. A 1981 ya ci magajin garin Burlington da ratar ƙuri'a 10.

Akwai ƙorafin da ba zan ɓoye maka ba, kuma yana da tushe. Tunda a yawancin jihohi wanda ya fi ƙuri'a shi ke kwashe komai, ɗan ƙaramar jam'iyya na iya raba ƙuri'ar masu ra'ayi irin nasa, har wanda suka fi ƙi ya haye. Inda takara ta yi kankankan, wannan haɗari ne na gaske.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka ƙuntata hanyar. A 2020 New York ta mai da sharaɗin ƙuri'a 130,000 ko kashi 2 cikin 100, duk wanda ya fi yawa, kuma duk shekara 2, a zaɓen gwamna da na shugaban ƙasa. Sa hannun da ake buƙata ya tashi daga 15,000 zuwa 45,000. Green ta rasa gurbinta a shekarar. A zaɓen gwamna na 2022 sunaye biyu kaɗai suka fito a takarda, Kathy Hochul ta Dimokurat da Lee Zeldin na Rifablikan, abin da rabon a gani tun 1946. Hawkins ya sake tsayawa duk da haka, ya roƙi magoya bayansa su rubuta sunansa da hannunsu.