Tambaya da Amsa: Aikin Sa-kai na Gina Gidaje, a Waje ko a Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala karatun fasahar gine-gine, kuma ina yawan ganin hotunan mutanen da ke tafiya wasu ƙasashe suna gina wa marasa ƙarfi gidaje ba tare da an biya su ba. Shin aikin nan na gaskiya ne, kuma yaya ake shiga? Ko kuwa ya fi dacewa in fara daga garinmu, inda kuɗin haya ya fi ƙarfin magidanta da yawa?
Daga wani mai karatu a Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Aikin na gaskiya ne, kuma ƙungiyar da ta fi shahara da shi ita ce Habitat for Humanity, wadda Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa a shekarar 1976 a garin Americus da ke jihar Jojiya ta Amurka. Kafin nan, a 1973, sun tafi Mbandaka a ƙasar Zayar, wato Kwango ta yau, inda suka gwada tsarin na tsawon shekara uku. Ƙungiyar Kirista ce a asalinta, amma ba ta sharɗanta addini ga wanda za a gina wa gida. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da matarsa Rosalynn sun fara aiki da ita a 1984, kuma ganin tsohon shugaban ƙasa riƙe da guduma ne ya sa duniya ta san ta.

Abin da hotunan ba sa nunawa shi ne cewa gidan ba kyauta ba ne. Iyalin da aka zaɓa suna zuba guminsu na sa'o'i masu yawa a ginin gidansu da na maƙwabta, sannan su biya kuɗin kayan gini a hankali. A tsarin da aka fara da shi babu riba babu kuɗin ruwa, kuma abin da suka biya yana komawa asusu guda domin a gina wa wasu. A ganina wannan asusu mai juyawa shi ne ƙashin bayan aikin, domin ƙarfin 'yan sa-kai yana rage kuɗin lebura ne kawai, ba ya sayen fili, ba ya sayen kwano ko ƙofa.

Game da tafiya waje, mai sa-kai ne yawanci ke biyan kuɗin jirgi da na masauki, har ya ƙara da gudummawa, kuma zaman bai cika wuce mako ɗaya ko biyu ba. Ba hanyar samun aikin albashi ba ce, don haka duk wanda ya nemi kuɗinka da alƙawarin biza da aiki da sunan sa-kai, ka guje shi.

Shawarata ita ce ka fara a Funtuwa. Kuɗin jirgin mutum ɗaya zai iya rufe ɗakuna a unguwarku, kuma ba sai ka koya wa kowa manufar aikin ba, tunda Bahaushe ya san aikin gayya tun kaka da kakanni, a gona da yaɓen katanga da ɗora jinka. Abin da gayya ta rasa, wanda iliminka zai kawo, shi ne tsari mai ɗorewa. Ku tabbatar da mallakar fili kafin a aza tubali ko ɗaya, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma gidan da aka gina wa gwauruwa a filin da ake rikicin gado a kansa zai iya zame mata masifa. Ku sa mai unguwa da limami da dattawa su shaida zaɓen iyalan, a rubuta yarjejeniyar biya, a ajiye kuɗin a asusun da ba mutum ɗaya ke sa hannu a kansa ba. Ku kuma biya ƙwararren magini haƙƙinsa ya jagoranci aikin, domin harsashi da rufi ba wurin koyon hannu ba ne. Kada ku dogara da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikacin gwamnati kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa. Ya fi amfanar mai albashi da takardu, alhali waɗanda kake tunani a kansu 'yan dako ne da masu ƙananan sana'o'i.

TAMBAYA: Malam, ƙungiyarmu ta mata tana son gyara wa marayu gida, amma siminti ya yi tsada, ana kuma tsoratar da mu cewa ginin ƙasa ba ya jure damina. Mene ne gaskiyar lamarin?
Daga wata mai karatu a Maraɗi

AMSA: Hajiya, Allah ya saka muku da alheri. Ginin ƙasa yana jure damina idan an ɗaga harsashinsa da dutse ko bulo, an sa indararo mai jefa ruwa nesa da bango, kuma ana sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Tsofaffin sorayen Damagaram da Kano shaida ne, kuma ɗakin ƙasa ya fi na kwano sanyi a lokacin bazara. A Yamai, mai zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun kammala rukunin gidajen Niamey 2000 a 2016 da tubalin ƙasa da aka matse da inji. A Burkina Faso kuma ƙungiyar La Voûte Nubienne, wadda aka kafa a shekarar 2000, tana horar da magina su yi rufin tubali mai lanƙwasa wanda ba ya buƙatar azara ko kwano.

Abin da ƙasa ba ta jurewa shi ne ruwan da ya kwanta a gindin bango. Idan gidan marayun yana cikin kwari ko kan hanyar ruwa, ku fara da magudana da cikon ƙasa, sannan ku nemi tsohon magini ya duba bangon ya gaya muku wanda za a yaɓe da wanda dole a rushe a sake.