Amsa: Shin Dole Ne a Canza Tsofaffin Radiyeto na Ɗumama Gida?

Malam, ka tambaya ko dole ne ka canza radiyeto masu shekara 30 da ka tarar a gidan da ka saya a Manchesta, wato ƙarafan nan da ruwan zafi ke bi ta cikinsu don ɗumama ɗaki. A ganina, tsufa kaɗai ba dalili ba ne. Idan an kunna radiyeto amma samansa ya yi sanyi, iska ce ta taru a ciki, sai ka sassauta ɗan bawul ɗin da ke gefe ta sama har ruwa ya fara fitowa, sannan ka ɗaure shi. Idan kuwa ƙasansa ne ke sanyi, tsatsa ce ta kwanta kamar laka, kuma mai gyaran famfo zai iya wanke bututun gaba ɗaya. Amma wanda tsatsa ta huda har yana yoyo, ka canza shi kafin hunturu, domin ruwan zai ruɓar da katakon daɓe.